Rauni Ne Ko Hukunci?

Akwai tambayar da ba a yin ta a bainar jama'a. Ba a ɗaga hannu a yi ta a taron Zumuntar Mata, ba a kuwa kawo ta gaban dattawan majami'a. Firistocinmu ne suke jin ta a keɓe, Sistoci kuma a bayan labulen asibiti, da murya ƙasa-ƙasa. Mai tambayar mace ce wadda a kwanakin ƙuruciya ta zubar da ciki, watakila sau biyu, ko uku, ko fiye. Yau ta yi aure, ko kuwa an sa ranar aurenta. Abin da bakinta yake tambaya shi ne, "Zan ƙara samun ciki kuwa?" Amma abin da yake cin zuciyarta ya fi wannan nauyi, watau ko Allah ya kulle mahaifarta saboda abin da ta aikata.

Tambayoyi biyu ke nan suka sarƙe da juna, ɗaya ta likita, ɗaya ta bangaskiya. Muddin ba a warware su ba, za mu ci gaba da ganin mata suna neman gafara a ɗakin likita, suna neman aikin likita a gidajen addu'a, su rasa duka biyu.

Kada wani ya ce wannan magana ta mutanen waje ce. Cibiyar Guttmacher ta Amurka, wadda ra'ayinta a kan zubar da ciki ya yi hannun riga da namu, ta yi bincike tare da masana na Nijeriya, ta kiyasta cewa a shekarar 2012 kaɗai an zubar da ciki wajen 1,250,000 a ƙasar nan. Mata wajen 212,000 aka yi wa jinya a asibiti saboda illar da ta biyo baya, wasu wajen 285,000 kuwa sun sha wahala mai tsanani ba su sami jinya ba. Adadi mai yawa haka ba ya tsallake ƙofar kowa. Waɗansunsu suna zaune a benci ɗaya da mu ran Lahadi, suna raira waƙa tare da mu, amma in an tashi karɓar Jikin Ubangiji sai su sunkuyar da kai su zauna.

Matsayin Ekklesiya a kan zubar da ciki sananne ne, ba za mu rage masa ko ƙwayar gero ba. Babban Taron Vatikan na Biyu a 1965 ya lissafta shi cikin manyan laifuffuka, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu kuma ya sake tabbatar da haka a 1995, cikin wasiƙarsa Evangelium Vitae, watau Bisharar Rai. Abin da ke cikin mahaifa mutum ne tun daga ranar da aka ɗauki cikinsa, ransa kuwa na Allah ne. A kan wannan harsashi ne muke magana da wadda ta riga ta faɗi.

Bari mu fara da abin da likitoci suka sani, gama jahilci a nan ya ɓata rayuka da yawa. Yawancin matan da suka taɓa zubar da ciki suna sake ɗaukar ciki, su haihu lafiya. Wannan gaskiya ce, ba kuwa dalilin ɓoye ta. Abin da yake hana haihuwa daga baya shi ne raunin da aka ji a lokacin aikin ko bayansa, raunin nan kuwa haɗarinsa yana ƙaruwa duk sa'ad da aka maimaita.

Mafi yawan ɓarnar daga ƙwayoyin cuta take zuwa. Tun da dokar ƙasa ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, har a Arewa laifin yana iya kai mutum ɗaurin shekara 14, a ɓoye ake yin abin: a bayan shagon kemis, a ɗakin wata tsohuwa, da kayan aikin da ba a dafa ba, da saiwoyi da ƙwayoyin da ba a san adadinsu ba. In wani abu ya saura a ciki, ko ƙazanta ta shiga, sai zazzaɓi ya taso, da ciwon mara, da ruwa mai wari. Yarinya kuwa saboda tsoro sai ta kwanta a ɗaki ta ce zazzaɓin sauro ne. Cikin kwanakin nan na shiru cutar take haurawa zuwa hanyoyin nan biyu sirara da ƙwan mace yake bi daga ma'ajinsa zuwa mahaifa. Zazzaɓin zai wuce, amma tabon ya zauna, hanya ta toshe. Wani dogon bincike da aka yi a birnin Lund na ƙasar Suwidin, aka buga a 1992, ya nuna cewa cikin matan da irin wannan kumburi ya kama sau ɗaya, wajen 8 cikin 100 sun rasa haihuwa saboda toshewar hanya. Waɗanda ya kama sau biyu, wajen 20 cikin 100. Sau uku ko fiye kuwa, wajen 40 cikin 100. In hanyar ba ta toshe sarai ba, ta ƙuntace kawai, ciki yana iya tsayawa a cikinta maimakon ya isa mahaifa, wannan kuwa yana iya fashewa ya kashe mace cikin 'yan sa'o'i.

Akwai kuma raunin kankara. In aka yi ta wankin ciki da ƙarfe, shimfiɗar cikin mahaifa takan lalace, bangon gaba da na baya su manne da juna. Wani likita mai suna Joseph Asherman ne ya bayyana wannan ciwo a 1948, har yau da sunansa ake kiransa. Alamarsa ita ce jinin al'ada ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke bayan wankin ciki. Haka kuma bakin mahaifa, in an sha buɗe shi da ƙarfi, yakan yi sanyi, ya kasa riƙe ciki in ya yi nauyi, sai a yi ɓari a wata na biyar ko na shida, ko a haifi bakwaini. Mace mai irin jinin da likitoci suke kira negetif kuma, in ba a yi mata allurar anti-D cikin awa 72 bayan fitar ciki ba, jikinta yana iya yin gāba da jinin jaririn da za ta ɗauka nan gaba.

Yawancin waɗannan suna da magani, ko dai ana iya rage illarsu. Ana ɗaukar hoton mahaifa da wani ruwa na musamman a ga ko hanyoyin suna buɗe. Ana shiga da ƙaramin madubi a raba bangon da ya manne. Ana ɗinke bakin mahaifa mai rauni wajen wata uku na ciki, a kwance ɗinkin in haihuwa ta matso. Ba kowace mace ce za ta dace ba, amma da yawa sun dace.

Yanzu fa sai mu koma ga tambayar zuciya. In rashin haihuwa hukuncin Allah ne a kan zubar da ciki, bari mu duba a kan wa yake faɗuwa. 'Yar mai kuɗi wadda aka kai asibitin kuɗi a asirce, aka yi mata aiki da kaya masu tsabta, ta yi haka sau huɗu, yau tana da 'ya'ya biyar. 'Yar talaka wadda ta faɗa hannun mai kemis sau ɗaya tak, ta rasa mahaifarta ɗungum. Namijin da ya yi cikin, ya ba da kuɗin, har ya yi barazana in ba a zubar ba, ya yi aurensa, gidansa cike da yara, ana gaishe shi da girma a ƙofar majami'a. In wannan shari'a ce, to, shari'a ce irin ta alƙalin da yake duban aljihu, Allahnmu kuwa ba haka yake ba. Abin da muke gani a nan aikin ƙwayoyin cuta ne da ƙarfe da talauci.

Har wa yau, toshewar hanyar ƙwai ba shaida ba ce cewa mace ta taɓa zubar da ciki. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 25, aka buga a 1985, ya tarar cewa kusan rabin matan Afirka da suka zo neman maganin rashin haihuwa hanyoyinsu biyu a toshe suke, alhali a ƙasashe masu arziki wajen ɗaya cikin goma ne. Da yawa cikin waɗannan mata ciwon sanyi ne ya toshe su, sau da yawa kuwa miji ne ya kawo shi gida. Waɗansu kuma a wurin haihuwar fari suka kamu, ko bayan ɓarin da ba su nema ba. Saboda haka surukar da take yi wa matar ɗanta habaici, tana cewa ai ta zubar da 'ya'yanta tun a waje, tana iya ɗaukar alhakin marar laifi, zunubin ƙazafi kuwa ba ƙarami ba ne.

Littafi Mai Tsarki ya riga mu ga wannan magana. Luka ya shaida cewa Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah, nan take kuma ya ce ba su da ɗa har suka tsufa. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka so su san ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Ubangiji ya ƙi duka biyun. Da aka zo maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, sai ya juya maganar a kan masu sauraro, ya kira su ga tuba.

Wani zai ce, to, labarin Dauda fa? Lalle wannan nassi ne mai wuya, ba za mu kauce masa ba. Annabi Natan ya sanar wa sarki cewa an gafarta masa, duk da haka yaron da Batsheba ta haifa zai mutu, ya kuwa mutu. Amma Natan annabi ne da aka aiko da magana takamaimai ga mutum takamaimai. Maƙwabciya ba Natan ba ce, mai gidan addu'a ma haka. Mu kuma tuna cewa labarin bai ƙare a nan ba, gama Batsheban nan ce ta haifi Sulemanu, Matiyu kuwa bai cire ta daga asalin Almasihu ba. Abin da za mu ɗauka shi ne cewa zunubi yana barin sawu a duniya ko bayan gafara. Mashayin da ya shekara ashirin yana shan burukutu, in ya tuba da gaske, Allah ya karɓe shi a ranar, amma hantarsa tana nan yadda ya mai da ita. Ba mai hankalin da zai dubi kumburin cikinsa ya ce tubansa bai karɓu ba.

A nan muna so mu yi wa iyaye da katikis da malaman makaranta wata magana da watakila ba za ta yi daɗi ba. An daɗe ana tsoratar da 'yan mata da cewa duk wadda ta zubar da ciki ba za ta ƙara haihuwa ba. Niyyar mai kyau ce, amma maganar ba gaskiya ba ce, ƙarya kuwa ko ta alheri ce tana da ranar tonuwa. Jikin mace yana iya sake ɗaukar ciki cikin mako biyu ko uku bayan fitar wani. Yarinya ta zubar, ta kwana cikin fargaba, bayan 'yan watanni sai ga wani ciki. Me za ta ce a ranta? Za ta ce ashe manya ƙarya suke yi, ba abin da ya same ni. In tsoron zama juya shi ne kaɗai shingen da aka kafa mata, shingen ya faɗi, na biyu ya fi na fari sauƙi, na uku ya fi na biyu, alhali a nan ne ainihin haɗarin jiki yake ƙaruwa. Dalilin da Ekklesiya take hana wannan abu shi ne ran ɗan da ke ciki, ko da mahaifa ba za ta ji ƙwarzane ba. Shi ya kamata a koyar.

Ya kamata kuma mu tambayi abin da ya sa ake maimaitawa. Sau da yawa domin ba abin da ya sauya ne: saurayin nan ne dai, ko maigidan da take yi wa aiki, ko mai biyan kuɗin makaranta, uban nan ne dai da ya rantse zai kore ta in ta kawo abin kunya gida. Paparoma Yohanna Bulus ya ambaci waɗannan a wasiƙarsa, uban cikin, da dangi, da masu aikin, ya ɗora musu nasu rabon alhaki. Gidan da ya fi jin tsoron surutun unguwa fiye da zubar da jinin jikansa, kada ya tsaya daga baya yana nuna yarinyar da yatsa.

Ga wadda abin ya shafa, ƙofa a buɗe take, ko sau nawa ne. Gaskiya ne dokar Ekklesiya ta ce wanda ya zubar da ciki da saninsa, da waɗanda suka sa hannu har abin ya yiwu, sun ware kansu daga tarayya. Amma dokar nan kanta ta ce wannan horo ba ya hawa kan wadda ba ta kai shekara 18 ba, ko wadda ba ta san akwai horon ba, ko wadda tsoro mai tsanani ya tilasta. A dā firist yakan bukaci izinin Bishop kafin ya kwance wannan ɗauri. Paparoma Faransis ya ba dukan firistoci wannan iko a Shekarar Jinƙai, ya kuma mai da shi na dindindin a watan Nuwamba na 2016. Saboda haka Fadan da ke kusa da ke ya isa. Abin da aka faɗa a sakramentin tuba kuwa, firist ba ya da ikon faɗa wa kowa, ko miji, ko Bishop, ko alƙali. Ki yi hankali da gidajen addu'ar da za su tsai da ke a gaban taro ki tona kanki, su ce sun ga ruhohin jarirai suna bin ki, su yanka miki kuɗin kuɓuta. Ekklesiya ba ta koyar da cewa 'ya'yan nan suna neman fansa ba. Ta ce ki danƙa su ga jinƙan Uba.

Amma kada a mai da gafara ciniki. Wata takan zo tuba da tunanin cewa in Allah ya yafe, alama ita ce ciki. Wata shida ya wuce, shekara ta wuce, sai ta yanke cewa ba a yafe mata ba, ta koma furta zunubin da aka riga aka shafe. Ciki ba rasit ba ne. Kalmar gafara da firist ya furta ita ce tabbacin, ba ta jiran sakamakon awo. Dorothy Day, 'yar Amurka, ta zubar da ciki tana budurwa, ta yi shekaru tana tsammanin ba za ta ƙara haihuwa ba. A 1926 ta haifi 'yarta Tamar, murnar nan ce kuwa ta ja ta har ta shiga Ekklesiya a 1927. Daga 1933 har rasuwarta a 1980 ta ba da ranta ga ciyar da matalauta, a shekarar 2000 kuma aka buɗe binciken ko za a lissafta ta cikin tsarkaka. Mun kawo labarinta domin a ga iyakar inda alheri yake iya kai mutum. Ba mu kawo shi a matsayin alkawari cewa kowace mai tuba za ta rungumi jariri ba, gama ɗa kyauta ce, Allah bai ci bashin kowa ba.

Saura magana mai ƙaya: shin dole ne ta faɗa wa wanda zai aure ta? Ra'ayinmu shi ne a rarrabe tsakanin zunubi da lafiyar jiki. Zunubin da aka furta aka gafarta ba hakkin kowa ba ne ya ji shi, kamar yadda ba a tilasta wa saurayi ya lissafta nasa. Mace wadda ba ta san wata illa a jikinta ba, ba a ɗora mata dole ta tone abin da ya wuce, ko da yake sau da yawa ya fi alheri ya ji daga bakinta da ya ji daga bakin maƙiyi, wannan kuwa sai ta auna da shawarar firist, tana duban halin mutumin, gama akwai mazan da asiri a hannunsu bulala ne. Amma in likita ya riga ya gaya mata cewa an cire mahaifa, ko hanyoyin sun toshe, sa'an nan ta ɓoye da gangan domin ya yarda ya aure ta, wannan yaudara ce. Dokar Ekklesiya ta ce rashin haihuwa shi kaɗai ba ya hana aure, ba ya kuma ɓata shi, amma yaudarar da aka shirya don a sami yardar mutum a kan abu mai nauyi haka tana iya sa auren ya zama bai ƙullu ba tun farko. Haka dokar take a kan namijin da ya san ba ya haihuwa ya yi shiru. Iyalan da suke cewa sai yarinya ta yi ciki tukuna a ɗaura aure, don a gwada ta, su ma su sani zunubi suke sa 'ya'yansu.

Bayan an ɗaura aure bisa gaskiya, rashin ɗa ba ya kwance shi, ba ya kuma ba miji izinin kawo kishiya ko ajiye wata a waje. Ekklesiya tana goyon bayan kowane magani da zai gyara jiki ya taimaki saduwar miji da mata, irin waɗanda muka ambata. Haɗa ƙwai da maniyyi a kwalba kuwa ta ƙi shi tun a 1987, domin yana raba samuwar ɗa da saduwar iyayensa, yawanci kuma ana zubar da ragowar 'ya'yan da aka haɗa, ko a daskarar da su. Mun san wannan koyarwa tana da nauyi ƙwarai ga wadda hanyoyinta suka toshe, gama a gare ta ne likitoci suka fi ba da wannan shawara. Ba ma faɗinta da sauƙin baki. Riƙon ɗa kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, kakanninmu sun san shi tun kafin zuwan mishan, rikice-rikicen shekarun nan kuma sun bar marayu a garuruwanmu waɗanda ba su da mai kiransu nasa.

Mutum ɗaya ne bai kamata a ɓoye masa kome ba, shi ne likita. Zai tambayi sau nawa, cikin wata nawa, da me aka yi, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko al'ada ta sauya. Amsar gaskiya tana rage shekarun yawo da asarar kuɗi. Yi wa mace jinya bayan ta zubar da ciki ba sa hannu cikin laifin ba ne, aikin jinƙai ne, wadda take zubar da jini ko zazzaɓi a yau kada ta kwana a gida. Ma'auratan da suka cika shekara guda ba ciki su je awo, in matar ta haura shekara 35 kuwa, wata shida ya isa, gama lokaci ba ya jiran mahaifa. Su je su biyu. Kaso mai yawa na rashin haihuwa daga wajen namiji yake, awon maniyyi kuwa ya fi kusan dukan awon mata sauƙi da araha. Akwai matan da suka shekara goma suna kuka a kan laifin ƙuruciyarsu, suna tsammanin shi ya hana su, alhali ba a taɓa auna maigidan ba ko sau ɗaya.